Cin abinci a brasserie ta Paris: yanda zaka shiga ka fito baka ci alade ba, baka sha kunya ba

Duk baƙon da ya sauka wajena a Paris labarinsa ɗaya ne. Kwana biyu ko uku na farko yana tsakanin kebab ɗin unguwar Barbès da shinkafar 'yan Senegal ta unguwar Château Rouge, rana ta huɗu sai ya gyara zama yace shi fa a kai shi inda su Faransawan da kansu suke cin abinci, kar ya koma gida a tambaye shi me ya ci a Faransa yace shawarma. Toh ni dai kullum brasserie nake kai mutum, "burasiri" zaka ji suna cewa, kuma tunda na gaji da maimaita bayani ɗaya a waya nace bari in zauna in rubuta kowa ya huta.

Bari in fara da abin da ba a ɓoye wa ɗan'uwa. Ita kalmar brasserie asalin ma'anarta wurin da ake dafa giya. Manyan da ake ji da su a Paris da yawansu mutanen Alsace ne suka buɗe su, wani yanki dake kan iyaka da Jamus. Bofinger dake kusa da Bastille tun 1864 take, bayan yaƙin 1870 da Jamus ta ƙwace yankin nasu sai suka yi ta kwararowa Paris, a cikinsu akwai Léonard Lipp da ya buɗe tasa a 1880 a titin Saint-Germain, har yau tana nan da sunansa.  Su kuwa mutanen Alsace abincinsu na gado kabeji ne mai tsami da tsiran alade a kora da giya, kaga kenan ba wai tarihi nake baka dan burgewa ba, so nake ka san alade da giya a cikin jinin wurin suke, ba kuskure bane in ka gansu. Za a sha giyar inabi a teburin dake maƙale da naka. Wanda zuciyarsa bata natsu da zama a irin wannan wurin ba ban ga laifinsa ba ko kaɗan, ya nufi Babban Masallacin Paris, wanda aka buɗe a 1926, a jikinsa akwai gidan abinci da kuskus da shayin na'a-na'a, ya ci hankalinsa kwance. Wanda kuma aiki ko karatu ko abokan hulɗa zasu kai shi, ko dai yana son gani ya kori ji, mu je.

Me yasa duk da haka nafi kai baƙo can? Sabida a duk gidajen abincin Faransawa babu mai sauƙinta. Ƙananan gidajen abinci suna rufe kicin wajen biyu da rabi na rana, basa sake buɗewa sai bakwai ko bakwai da rabi na yamma, ka zo ƙarfe huɗu da yunwarka su kalle ka kamar ka zo neman rance. Brasserie kuwa tun rana har dare ana dafawa, in kaga an rubuta service continu a ƙofa toh ma'anarsa kenan. Ga ta da girma, ga hayaniya, babu mai lokacin kallon yanda ka riƙe cokali, kuma kusan ko wacce tana da kifi. Lahadi da Litinin da watan Agusta da ƙananan ke kulle ƙofa su tafi hutu, manyan brasserie suna nan a buɗe.

Matakin farko tun kana kan titi ne. Doka ta tilasta musu liƙa jerin abinci da farashi a waje, dan haka tsaya ka karanta a tsanake, babu kunya a ciki, su ma 'yan garin haka suke yi. In kaga hotunan abinci manya-manya, an rubuta da yare shida, ga wani tsaye a ƙofa yana kiranka kamar ɗan kamasho a tasha, wuce abinka, na 'yan yawon buɗe ido ne, irinsu sun cika lungunan Saint-Michel. Nemi inda kaga tsofaffin gari zaune da jarida, da ɗan allo baƙi da aka rubuta abincin ranar da alli. Akwai kuma wata 'yar alama, hoton tukunya da rufin gida a kanta, tun 2014 ake amfani da ita, tana nufin a nan kicin ɗin aka dafa ba daga masana'anta aka kawo aka ɗumama ba.

In aljihu babu nauyi akwai ƙanwar brasserie da ake kira bouillon. Chartier dake Faubourg Montmartre tun 1896 take ciyar da ma'aikata da araha, layi ake bi, a haɗa ka tebur ɗaya da wanda baka taɓa gani ba, mai hidima ya rubuta odarka a kan takardar da aka shimfiɗa a teburin, in kun gama ya yi lissafi a nan gabanka da biro. Ni wallahi ɗalibi ko mai iyali da yawa can nake tura shi. Dabara ta biyu ta rage kuɗi ita ce ka je da rana a ranakun aiki, tsakanin sha biyu da biyu, lokacin ne ake yin formule, wato a haɗa maka kala biyu a farashi ɗaya mai rangwame. Da dare su Faransawan basa fara ci sai wajen takwas, in ka je bakwai zaka samu wuri fayau. Daren Juma'a da Asabar a manyan wurare sai ka kama tebur tun kafin, ta waya ko ta intanet, kuma in kace takwas toh takwas ɗin, ba takwas irin ta ɗaurin aure ba, in ka wuce kamar kwata zasu iya ba wani.

Maganar sutura, kaftani da hula ras suke, babu mai ce maka komai, mata ma abaya da mayafi babu matsala. Babbar riga ce dai bana ba da shawara. Shekarar da kawuna ya zo na faɗa masa, yace shi ba zai shiga cikin Turawa kamar ɗan aike ba, ya zuba shaddarsa 'yar ciki da malum-malum. Teburan nan kuwa tsakanin ɗaya da ɗaya bai fi tafin hannu ba. Yana zama ya saɓa hannun riga irin yanda aka saba, sai ga gefen rigar ya shari kwandon burodin wata tsohuwa dake kusa damu, saura ƙiris kofinta ya bi. Ita ta yi ta dariya tana yaba aikin wuyan, ni kuwa gumi har cikin takalmi.

Mataki na biyu bakin ƙofa, kuma duk abin da zan faɗa a rubutun nan in zaka riƙe ɗaya to riƙe wannan: gaisuwa. "Bonjur" da rana, "bonsuwar" da yamma, ka kalli mutum ka faɗa kafin komai ya fito daga bakinka. Mu da muka taso aka koya mana ba a shiga gida babu sallama ai wannan ba sabon karatu bane, amma abin mamaki sai namu su zo nan su manta, su faɗa wa mutum da turancin Ingilishi kai tsaye, daga baya su ce Faransawa basu da kirki. Bafaranshe in baka gaishe shi ba ka riga ka zage shi, duk sauran daren a haka zaku ƙare. Bayan gaisuwa ka tsaya nan, kar ka kutsa ka zaɓi tebur da kanka, wani zai zo ya tambayi ku nawa ne, ko da yatsu ka nuna ya wadatar. Zai iya tambaya ciki ko waje. Wajen, terrasse, akwai daɗin kallon titi amma nan masu sigari suke, tunda an hana sha a ciki tun 2008. In da tsoho ko yara ko mai asma ku shiga ciki.

A jikin bango akwai doguwar kujera mai laushi, ita ake bar wa mace ko babba, kai ka zauna a ta katako. Zaka ga mai hidima ya janyo teburin gaba ɗaya waje dan mutum ya shiga sannan ya mayar, kamar an rufe shi a akwati. A rage murya dan Allah, a kuma bar saka waya a sifika ana gaisawa da mutanen gida ɗaya bayan ɗaya.

Su masu hidimar nan, masu baƙar falmaran da farin zane ɗaure a ƙugu har ƙasa, ba yaran shago bane. Sana'a ce, wani ya shekara ashirin yana yinta, wani ya haife ka. Kar ka kira shi garçon duk da ka gani a littafin koyon Faransanci na makaranta, ma'anarta yaro, kuma raini ne. Kar ka yi masa "sss" ko ka kaɗa yatsu ko tafi. Ku haɗa ido, ka ɗan ɗaga hannu, kace "Misiye" ko "Madam", "sil vu ple". Kowanne da teburansa, in ka tsayar da wanda ba naka ba zai ce abokinsa na zuwa ya wuce, ba wulaƙanci bane. Suna da sauri, basa yawan murmushi, basa zuwa kowane minti biyar su tambayi ko lafiya. Da farko na ɗauka jin kai ne, daga baya na gane a wajensu barinka ka sake shi ne ladabi.

Na uku ruwa, a nan ake fara yankar baƙo. Zai zo yace "plate ou gazeuse?", wato ruwan kwalba mara gas ko mai gas, kai kuma dan kar a ga baka gane ba sai ka zaɓi ɗaya, a kawo maka Evian ko Badoit a rubuta maka kuɗin da ya isa ka ci ƙwai da burodi. Abin da zaka ce shi ne "une carafe d'eau", a baki "yun karaf do". Ruwan famfo ne a tulun gilashi, tsaftatacce, kyauta ne in dai abinci ka zo ci, in ya ƙare a ƙaro, su ma attajiran garin shi suke sha. Burodi ma kyauta ne. In yace apéritif, abin sha na buɗe ciki yake nufi kuma galibi giya ce, "non mersi" ta wadatar. Ka kiyayi masu suna kamar na lemo: panaché da Monaco akwai giya a ciki, kir giyar inabi ce, cidre kuma kar kaji ance tuffa ka ɗauka jus ne. Masu lafiya su ne citron pressé, a matso maka lemun tsami a baka ruwa da suga ka haɗa da kanka, sai diabolo menthe, kore shar mai gas da ɗanɗanon na'a-na'a, sai Orangina da Perrier.

Na huɗu shi ne babban aiki, karatun takardar abinci. Ita takardar sunanta la carte. In kace menu su a wajensu haɗin abinci ne mai farashi ɗaya, kamar formule ɗin can. 'Yan Nijar wannan bai dame su ba, mu 'yan Najeriya ne muke rikicewa. Kashi uku ne: entrée ɗan abin fara ci, plat shi ne ainihin abincin, dessert kayan zaƙi. Ba dole sai ka ci ukun ba, plat kaɗai ma babu mai hararar ka, amma fa kowa ya yi odar nasa, ba a zama mutum huɗu a kan faranti ɗaya a lokacin cin abinci.

Yanzu ga inda nake so ka buɗe ido. Kowa ya san porc da cochon alade ne, ba su bane matsalar. Matsalar waɗanda basa faɗin sunansu. Watana na farko a garin nan na shiga wata brasserie ni kaɗai, na duba na duba, nace bari in tsira da mutuncina in ci ganye, na nuna salade lyonnaise. Aka kawo latas da ƙwai a sama da wasu 'yan gutsattsarin nama soyayyu masu ƙamshi kamar an yayyanka kilishi. Har na soka cokali zuciyata ta ƙi, na kira mutumin na tambaya, yace "lardons" yana murmushi kamar ya yi min gata. Kitsen cikin alade ne. Ya ɗauke, na biya kuɗin salak ɗin da ban ci ba, na cika cikina da burodi da ruwan famfo. Tun daga ranar na haddace su kamar karatun allo. Lardons na nan a quiche lorraine, a wasu omelet, a miyar nama. Jambon cinyar alade ce, ita ce a cikin croque-monsieur, wannan burodin mai cuku da yara ke gani su nace. Saucisse, saucisson, charcuterie, rillettes, pâté, terrine, boudin, duk ka ɗauke su alade ne har sai an rantse maka. Andouillette hanjin alade ne, warinta kaɗai zai sanar da kai. Choucroute garnie kuwa, abincin gadon nasu, tudun kabeji ne an jera alade kala-kala a kai.

Giya ma haka take ɓuya a tukunya. Coq au vin da bœuf bourguignon a cikin giyar inabi ake dafa su, kuma da lardons a ciki, an haɗa maka biyu kenan. Moules marinières da farar giya ake turara su. Miyar albasa da kowa ke yabo, mai cuku a sama, sau da yawa ana ɗiga mata. Ko choucroute de la mer, wadda ake yi da kifi a madadin alade, kabejin galibi da farar giya aka dafa shi, sai ka tambaya. In kaga vin, cognac, rhum, bière ko flambé a cikin bayanin abinci toh ka gane.

Jimla biyu zasu cece ka, rubuta su a waya in ka kasa faɗa ka nuna: "Je ne mange pas de porc" da "Est-ce qu'il y a du porc ou de l'alcool dedans?" Ta farko bana cin alade, ta biyu akwai alade ko giya a ciki. Musulmi sun yi yawa a Paris, a kicin ɗin ma ba mamaki akwai ɗan Mali ko ɗan Bangladash, tambayar ba baƙuwa bace a kunnensu. Amma ka ambaci lardons da jambon da sunansu, dan na sha gamuwa da wanda zai ce babu alade alhali yana nufin babu tsoka guda. Wani kuma zai ce ai giyar ta ƙone a wuta. Kace masa mersi, ka zaɓi wani abun.

Sai maganar yanka. Naman sa da kaza da rago da agwagwa na brasserie ba yankan Musulmi bane sai in an rubuta halal, kuma da wuya ka gani. Malamai sun yi magana a kan abincin ma'abota littafi, wasu sun sassauta wasu sun tsananta ganin yanda mayankar zamani take aiki, ni ba malami bane, ka tambayi naka kafin ka hau jirgi. Ni dai kifi nake bi, kuma ban taɓa jin an cuce ni ba. Sole meunière in aljihu zai ɗauka, kifi ne falale a soya shi da man shanu da lemun tsami, wani wurin a gabanka za a zare masa ƙaya da cokula biyu, abin kallo ne wallahi. In ya yi tsada akwai saumon, cabillaud, bar, dorade, kace a gasa a sa miyar a gefe. Na fara ci kuwa œufs mayonnaise, dafaffen ƙwai ne da mayonis, mafi araha kuma baya ba da kunya, ko poireaux vinaigrette, wani ɗan'uwan albasa ne dogo a dafa shi ya yi laushi. A ƙofar manyan brasserie zaka ga mutum da tulin ƙanƙara yana ɓare kawa, ɗanya ake shanye ta da lemun tsami, ni sau ɗaya na gwada na ce Allah ya ba masu so haƙuri. Jatan lande da kaguwa dai dafaffu ne. Dodon koɗi ma suna ci da man shanu da tafarnuwa, wannan kuma kai da zuciyarka.

Wanda ya natsu da cin naman, toh ga gargaɗi. Zasu tambayi yanda za a gasa: bleu wuta ta gaishe shi kawai, saignant da jini-jini, à point a wajensu ya yi daidai amma a idon Bahaushe da saura, bien cuit shi ne namu, "biyan kwi" zaka ce, ko da ya ɗan yamutsa fuska kar ka janye. Steak tartare kuwa kar sunan ya ruɗe ka, ɗanyen nama ne niƙaƙƙe da ɗanyen ƙwai, wuta bata gan shi ba sam. Daren da muka je da Kawu wani saurayi a gefenmu shi ya yi oda. Kawu ya kalla, ya sake kalla, ya matso kusa da kunnena yace, "Ɗana, gas ne ya ƙare musu?" Nace a'a Kawu, haka ake cinsa. Ya yi shiru can yace, "Kuma biya zai yi?" Nace har ya fi kifinka tsada ma a wani wurin. Bai ƙara magana ba sai da ya ja "Allah mun gode maka" a hankali.

Na biyar cin kansa. Burodin ba a ba shi faranti, a kan teburin ake ajiyewa gefen hannu, a gutsira da hannu, kuma halas ne ka share miyar faranti da shi, man shanu dai ba kasafai ake kawowa ba sai ka roƙa. Su cokali mai yatsu a hagu suke riƙewa wuƙa a dama, su kai loma da hagun. Kar wannan ya dame ka. Ka yayyanka loma uku huɗu, ka ajiye wuƙar, ka mayar da cokalin dama ka yi bisimilla. Shekara da shekaru haka nake yi babu wanda ya taɓa ɗaga kai. Soyayyen dankali ma in ka ɗauka da hannu duniya ba zata tashi ba. Abin da zai baka mamaki rashin yaji, gishiri ne da masoro sai mustad mai hawa hanci. Ni ina yawo da yajin ƙuli a 'yar ƙaramar roba, in barbaɗa a gefen faranti ba tare da na yi shela ba. Ka ɗanɗana nasu tukuna dai, wani kifin in ka bar shi yanda yake sai ka ji abin da suke yi wa fariya.

Ba a kawo abinci gaba ɗaya, sai kowa ya gama na farko a kwashe sannan na biyu ya zo, dan haka ka ware awa ɗaya da rabi zuwa biyu, ka kuma duba lokacin sallah tun kafin, musamman da rani da magariba ke kaiwa kusan goma na dare, da hunturu kuma biyar ta yi an sha ruwa. In ka gama ka jera wuƙa da cokali tare a kan farantin, shi ne alamar a ɗauke. In ka bar su a warwatse zai ɗauka da sauranka, ku yi ta zaman jiran juna.

Kayan zaƙi nan ne suka iya, ban da abin cewa. Crème brûlée mai ɓawon suga da ake fasawa da cokali, île flottante farin ƙwai ne kamar kumfa yana yawo a kan madara, profiteroles da ake kwararo musu cakulan mai zafi a gabanka, tarte Tatin ta tuffa. Baba au rhum kar kaji "baba" ka saki jiki, jiƙe yake sharkaf da giya, crêpes Suzette ma haka. Masu daskarewa irin panna cotta akan sa musu gelatin wanda zai iya zama na alade. In ka rasa na zaɓa kace café gourmand, kofi ne da ƙananan kayan zaƙi uku ko huɗu, ka tambaya dai ko akwai mai giya a ciki. In kace kofi kawai ɗan mitsitsin kofi baƙi mai ɗaci za a kawo, kurɓa biyu ya ƙare, mai madara shi ne café crème, allongé kuma an ƙara masa ruwa. Shayi kuwa ruwan zafi ne da 'yar jakar ganye a gefe, kar ka sa ran na mai shayin bakin kasuwa.

Na ƙarshe biya. Ba za a taɓa kawo maka lissafi ba sai ka nema, ko zaka kwana a wurin, a ganinsu kawo shi kamar kora ne. Kace "ladisiyon sil vu ple", ko ka yi alamar rubutu a tafin hannu daga nesa. Farashin da ka gani a takarda shi ne, haraji da ladan hidima duk suna ciki, service compris kenan. Tukwici ganin dama ne, yuro ɗaya biyu a bar a faranti, in ku da yawa ne kuma an kula daku a ƙara. Ka karanta takardar da kyau ko an saka ruwan kwalbar da baka sha ba, kuskure na faruwa. Na'urar kati har tebur ake kawowa, katinka baya barin hannunka, in ta tambaye ka ko a cire da kuɗin ƙasarku ko da yuro zaɓi yuro, canjinsu yanka ne. Ka riƙe tsabar kuɗi a aljihu ko da katin gida zai ƙi, ya sha yi wa baƙina haka. In su abokan aiki Faransawa ne kar kayi mamaki kowa ya biya nasa, ba rowa bace, kuma ba a yin kokawar nan tamu ta "wallahi ni zan biya" a gaban mai hidima, in kana son ɗaukar nauyi ka faɗa tun farko, "je vous invite".

Nawa za a kashe? A brasserie matsakaiciya plat ɗaya ka ƙiyasta yuro 20 zuwa 30, in ka haɗa da na farko da zaƙi ka tanadi 40 zuwa 50, a bouillon rabin haka ma zai iya isa. Mutanen Nijar lissafinsu a tsaye yake tunda yuro ɗaya sefa 656 ne, yuro 30 kusan jaka ashirin kenan. Ɗan Najeriya kuwa shawarata kar ka juya zuwa naira sai ka gama haɗiyewa. In abinci ya rage kace a zuba maka ka tafi da shi, tun 2021 dole ne su baka abin zubawa in ka nema.

Banɗaki yawanci a ƙasa yake, ta wani siririn bene mai murɗewa, kuma babu buta babu famfon tsarki, dan haka 'yar robar ruwa a jaka ko aljihun kwat bata taɓa zama asara ba. Da zaka fita ka ce "mersi, o ravuwar" ga wanda ya yi maka hidima da na bakin ƙofa, ka kuma duba agogo dan jirgin ƙarƙashin ƙasa yana tsayawa wajen ɗaya na dare, Juma'a da Asabar ne yake kaiwa wajen biyu.

Kawu dai ya cinye kifinsa tas, ya share man shanun da burodi, ya sha crème brûlée ɗinsa ya ɗanɗani tawa, har ya sa na tambayo ko ana sayar da mustad ɗin ya kai wa Hajiya. Muna fitowa ya gyara hula ya tsaya a bakin titi yana kallon hagu da dama, nace Kawu tasha ta nan take. Yace, "Na sani. Wurin 'yan Senegal ɗin nan masu shinkafa, sun rufe yanzu?"